Inci Talatin da Orval Nyquist Ya Yanke

Shekara talatin da tara Orval Nyquist ya yi yana haɗa taragun kaya a filin jirgin ƙasa na Brandvold, tsakiyar gonakin masarar Iowa, kuma a duk shekarun nan bai taɓa bi ta ƙarƙashin tarago ba. Ko sau ɗaya.

Yana ɗan shekara sha tara ya kama aikin. Ranar farko shugaban ma'aikatan filin, wani ƙato mai suna Emil Sobotka, ya tsayar da shi gaban jerin taragu sittin, ya ce, "Abincinka yana wancan gefen, kai kana wannan gefen. Yaya za ka yi?" Orval ya leƙa ƙarƙashi, ya ga taku biyu ne kacal. Kafin ya buɗe baki Emil ya damƙi wuyan rigarsa. "Ka zagaya. Ko ƙanƙara ta kai maka gwiwa, ka zagaya. Ranar da na ga gindinka a ƙarƙashin tarago, ranar ka gama aiki a nan."

Ya yi ta zagayawa yana ƙunƙuni har shekara shida. A cikin sanyin shekara ta shidan ne wani abokin aikinsa, Lyle, ya ga zagayen ya yi masa nisa, ya bi ta ƙarƙashi. Jirgin a tsaye yake, kowa ya shaida a tsaye yake. Injin ya ɗan motsa kawai, bai kai tsawon takalmi ba a can gaba, amma kafin motsin ya iso tarago na arba'in ya zama abin da ya zama. Orval aka ba akwatin abincin Lyle ya kai wa matarsa. Daga ranar bai ƙara ƙunƙuni ba, kuma da shugabancin filin ya zo hannunsa ya sallami mutum biyu a kan wannan laifin, ɗaya ma ɗan cocinsu ne.

Aikin ya shiga jininsa. Masara da waken suya su fita, taki da katako da kwal su shigo, kowane tarago da takardarsa. Idan tarago ya wuce shi yana jin ƙarar ƙafafunsa zai gaya maka cike yake ko fanko. Hawa da dirowa daga jirgi yana tafiya su suka cinye masa ƙugu, sai da likitoci suka sa masa ƙarfe a na hagu, suka ce kada ya ƙara durƙuso. Shekarar da ya yi ritaya kamfanin ya tumɓuke dogon filin kaf ya sayar. Yanzu in ka je wurin ciyawa ce da tsofaffin tayoyi.

Matarsa Ardis ce ta gaji da ganinsa yana tsaye bakin taga, ta kora shi ƙungiyar masu ƙananan jiragen ƙasa na wasa. Maza goma sha huɗu ne, akasarinsu masu furfura, suna haɗuwa kowace Asabar bayan abincin rana, da tulun kofi da faranti na kek ɗin da matansu suka gasa. A cikinsu akwai masu son su zauna su ga jirgi yana zagaye kamar kare mai bin jelarsa, akwai kuma masu son jirgin ya yi aiki. Orval ya zauna Asabar biyu yana kallon zagaye, ta uku ya ce, "To, wannan masarar wa za a kai wa?" Babu wanda ya sani. Abin ya ba shi haushi ƙwarai.

Shi ya sa ya zauna ya sake gina filin Brandvold daga ƙwaƙwalwarsa. Shekara shida yana yi. Tsawonsa ƙafa goma sha takwas, layi bakwai, da rumbun hatsi, da ma'aunin taragu, da 'yar rumfar da suke ɗumama hannu a ciki, har da bututun murhunta da ya karkace. Kowane ɗan tarago, wanda bai fi tsawon tafin hannu ba, ya yi masa kati: daga ina yake, me ya ɗauko, ina za shi. Ya kuma kafa doka ɗaya, ba a ɗaga tarago da hannu daga kan dogo. In ka cusa shi inda bai dace ba, ka sa inji ya je ya fiddo shi, ko da zai cinye maka rabin awa. Da farko sun yi ta tsaki. Daga baya har daga garin Waterloo mutane ke tuƙo mota su zo ranar aikin kaya, a raba musu jirage, Orval na tsaye a filinsa da fensir a bayan kunne yana ba da umarni. Ardis ta ce a shekarun nan har minshari ya rage.

Sai mai ginin da suke haya ya ce su tashi. Suka sami wani tsohon kantin kujeru, ɗaki ɗaya babba, aka ce sai an yi sabon zane tun daga tushe. Shugaban ƙungiya ya ce shi zai zana.

Shugaban nan Dokta Royce Pettibone ne, likitan haƙori mai ritaya. Mutum ne mai tsafta, mai murmushi, mai injuna na tagulla da yake ajiyewa a akwatin gilashi yana goge su da auduga. Jirgin ƙasa na gaske kuwa sau biyu ya taɓa shiga, duka irin na 'yan yawon buɗe ido da ake ba ka naman sa da cokali mai yatsu. Wannan shi zai tsara wa Orval yadda ake aikin kaya!

Bayan wata guda ya zo da takarda a nannaɗe, ya shimfiɗa a tebur, ya danne kusurwoyinta da kofuna. Zane ne mai kyau, ba ƙarya. Babban layi ya zagaye ɗakin sau biyu, ya hau tudu, ya shiga rami, ya fito ya haye gada. Filin Brandvold kuma an sa shi a tsakiyar zoben, da ɗan wurin tsayuwar mutum huɗu a gefensa.

Orval ya sa tabarau, ya bi zoben da yatsa har ya dawo inda ya fara.

"Dokta, ta ina ake shiga?"

"Nan." Dokta ya nuna wani wuri da ya yi wa alamar kibiya. "Ta ƙasa. Inci arba'in ne daga daɓe, sai ka ɗan sunkuya ka wuce. Duk manyan ƙungiyoyi haka suke yi."

"Ta ƙarƙashin layi?"

"Ta ƙarƙashin katako, Orval."

"Jirgi zai bi ta kan katakon?"

"To ai shi ya sa aka yi shi."

"To ƙarƙashin jirgi ke nan."

Aka kwashe da dariya. Orval bai yi ba. Ya janyo wata tsohuwar kalanda ta kamfanin taki, ya juya bayanta, nan take ya zana ƙofa: a yanke inci talatin na layin, a sa shi a kan ƙarfen ƙyaure, mutum ya ɗaga ya wuce a tsaye ya mayar. Ya ce shi zai ƙera ta da hannunsa, kwana uku ya ishe shi.

Dokta ya dubi zanen kamar an miƙa masa ruɓaɓɓen haƙori. "Wata rana wani zai manta ya bar ta a ɗage. Inji ya taho da gudu ya faɗo ƙasa. Ka san yadda tagulla ke yi in ta daki siminti?"

"Sai a sa wayar da za ta kashe wuta in ƙofar na buɗe."

"Dogo ba ya daidaita a irin waɗannan ƙofofin. Zafi ya zo katako ya kumbura, sanyi ya zo ya tsuke."

"Dokta, ƙarfe ne a ƙuguna."

"Haba Orval, sau ɗaya ne fa a rana. Ka shiga, ka yi aikinka, ka fito."

Verlin Schaaf, wani tsohon manomi da ke zama kusa da Orval, ya ajiye kofinsa ya ce, "Royce, dubi ɗakin nan da kyau. Wa ka gani ɗan ƙasa da sittin? Ni ɗaurin takalmi ma sai na zauna na yi shawara da cikina."

Aka sake dariya, sannan aka ɗaga hannu. Tara suka bi zanen Dokta. Abin takaicin shi ne, cikin taran nan babu wanda ke ƙin Orval. Gadar ce ta tafi da hankalinsu, da tudun, da ramin. Kowa yana hango injinsa a kan gadar, babu wanda ya hango kansa a durƙushe.

A gida Ardis tana yanka albasa ta saurare shi har ya gama.

"Ka kwaso filinka ka dawo da shi gareji," ta ce.

"In yi aikin kaya da wa? Da kyanwa?"

"To ka zauna su wulaƙanta ka."

"Za su gane kafin a gama."

"Orval, shekara hamsin da ɗaya ina jin kana cewa mutane za su gane."

Bai kwaso ba. Shi ya fi kowa aiki a ginin nan, ga shi kuwa aikin ya kai wata goma sha huɗu. Shi ya kafa filinsa a tsakiya, ya ɗaure shi da kusoshi da gam, ya daidaita kowane layi. Duk lokacin nan akwai giɓi ɗaya da aka bari a zoben don shigar da katako, ta nan yake shiga yake fita, yana cewa a ransa ai da idonsu suna gani. Sau uku yana sake kawo maganar ƙofa, sau uku Dokta yana cewa, "Za mu duba." Wata Asabar yana ciki yana goge dogo, sai ya ji muryar Dokta, "Orval, ɗan fito mana, za mu rufe." Mutum biyu na tsaye riƙe da katakon ƙarshe. Ya dube su, suka dubi katakon. Ya fito, suka ɗaure.

Ranar buɗewa an cika, har da baƙi daga garuruwa uku. Dokta ya yi jawabi, ya kira Orval gaba, ya ɗora masa sabuwar hula mai rubutu, wai Shugaban Fili na Girmamawa. Aka tafa. Aka ajiye masa kujera a wajen zoben, kusa da tulun kofi, inda in ya miƙa wuya zai hango saman rumbun hatsinsa ta bayan tudun Dokta. Wannan fa shi ne girmamawar!

Mutum uku, har da wani ɗan ƙungiya Dwight, suka rarrafa suka shiga filin, ɗaya ya ƙume kansa ya fito da ashar. Aka saki jirage. Ba a yi minti arba'in ba filin ya cushe. Sun karɓi jirgi a layin da ya kamata ya zauna fanko, sun tura taragun taki bayan na masara, injin filin ya maƙale a tsakiya ba gaba ba baya. Jirage uku na tsaye a waje suna jira.

Orval ya miƙe yana ɗaga murya ta saman tudu. "Ku janye na layi na uku tukuna! Na uku na ce! Kai Dwight, wannan na huɗu ne, ba ka iya ƙirga ba ne?"

"Ba ma jin ka sosai, Orval!"

Sai ya hango hannu. Hannun mutum, da zobe a yatsa, ya sauko cikin filin Brandvold ya tsince taragu biyu kamar mai tsintar gyaɗa, ya ajiye su a wani layin. Ya koma ya ɗauko injin ma.

Orval ya tuɓe hular girmamawar nan. Ya ajiye ta a kan kujera, ya taka zuwa wurin kibiyar nan. Ya daɗe a tsaye yana kallon ƙarƙashin katakon. Sannan tsoho ɗan shekara saba'in da huɗu, wanda ya sallami mutane a kan wannan, ya dafa katako ya sauke gwiwar dama, ya ja ta hagu, ya cusa kansa.

Ya kai tsakiya ke nan wani ya ga layi ya buɗe, ya saki jirginsa. Tarago ashirin da shida suka bi ta saman kan Orval. Ƙananan ƙafafu ne, amma a cikin katako ƙararsu ta cika masa kunne, kuma ya san ƙarar nan. Ya yunƙura zai ja da baya, ƙugun ya riƙe. Ya yi gaba ya kasa, ya yi baya ya kasa. Yana nan a kife, goshinsa a siminti, har tarago na ƙarshe ya wuce.

Sai da aka shimfiɗa tsohon kafet aka mirgina shi a kai, mutum uku suka jawo shi ta ƙafa. Rigarsa ta tattare har hammata, a gaban baƙi. Wani ya ce, "An fiddo tarago daga gareji!" Wasu suka yi dariya, irin dariyar da ake yi don a rufe kunya. Dokta ya durƙusa kusa da shi da fuskar tausayi ya ce, "Ka gani ko, Orval? Shi ya sa muka ajiye maka kujera."

Verlin ne ya kai shi gida a akori-kurarsa.

Kwana biyu Orval yana kwance. Ran Talata da safe ya sha kofi, ya ci ƙwai biyu, ya shiga gareji ya fito da zarto. Ardis na tsaye a bakin ƙofa.

"Ina za ka da wannan?"

"Aiki."

Ta dube shi, ta dubi zarton. "Ka tafi da rigar sanyi, ɗakin nan ba ɗumi."

Kowane ɗan ƙungiya yana da mabuɗi. Ya buɗe, ya kunna fitila, ya auna inci talatin daidai wurin kibiyar, ya ja layi biyu da fensir. Bai yi aikin hauka ba. Ya cire wayoyin ɗaya bayan ɗaya ya yi musu alama, ya datse dogon da ƙaramin zarto yadda bakinsa zai fita sumul, ya kafa ƙafafu biyu su tallafi gefe da gefe, sannan ya yanke katakon. Ya ɗauke guntun ya jingine shi a bango, ya share garin katako. Sai ya shiga filinsa a tsaye.

Awa uku ya yi a ciki shi kaɗai. Ya warware cushewar nan tarago bayan tarago, da inji, bai taɓa ko ɗaya da hannu ba. Ya mayar da kowane kati gurbinsa. Ya haɗa jirgin masara mai tarago goma sha takwas ya tsayar da shi a layin fita. Ya kashe fitila ya tafi gida cin abincin rana, ya ci har da ƙari.

Ran Asabar aka kira taron gaggawa. Dokta ya ce a yi shi a gaban ɓarnar, kowa ya gani da idonsa. Wurin tsayuwa a waje ya yi kaɗan, saboda haka suka shige ciki. Ta ina? Ta giɓin Orval mana! Ɗaya bayan ɗaya, kowa da kofinsa a hannu, ba wanda ya sunkuya, ba wanda ya zubar da ko ɗigo. Dwight ma da ya wuce sai da ya shafa bakin yankan ya ce, "Kai, ya fita tsaf," sannan ya tuna abin da ya kawo su ya janye hannunsa.

Dokta ya karanta dokar ƙungiya: duk wanda ya lalata kayan ƙungiya da gangan, a kore shi.

"Kana da abin cewa, Orval?"

"Guntun yana can jingine. Ku ba ni kwana uku in sa masa ƙarfen ƙyaure."

"Ba maganar ƙofa ake yi ba yanzu. Maganar doka ake yi."

Verlin ya ce, "Royce, ta ina ka shigo nan?"

"Verlin, don Allah."

"A'a, tambaya na yi. Ta ina ka shigo? Kai Dwight, ta ina? Ku ji kunya mana! Kuna tsaye a inda mutum ya buɗe muku, za ku ɗaga hannu ku kore shi?"

Babu wanda ya dube shi. Suna kallon takalmansu suka ɗaga hannun. Takwas suka ce a kore shi, biyar suka ƙi.

Orval ya zare mabuɗin daga cikin 'yan'uwansa ya miƙa wa Dokta. Ya ce to, zai zo da mota ran Litinin ya kwashe filinsa. Dokta ya yi gyaran murya, ya sake buɗe takardar. Akwai wata dokar a ƙasa: duk abin da aka ɗaure da kusa ko gam a jikin ginin ya zama na ƙungiya.

Orval kuwa da hannunsa ya ɗaure filin. Ya tsaya yana kallon layukan nan bakwai. Sannan ya dubi Dwight.

"Layi na biyu a bar shi fanko kullum. In kun cika shi, kun gama."

"To, Orval."

"Rubuta. Za ka manta."

Dwight ya laluba aljihu bai sami abin rubutu ba. Orval ya juya, mutane suka dare masa, ya fita.

Bai ƙara taka ƙafa a wurin ba, ya rasu bayan shekara uku. Verlin da mutum biyu sun bar ƙungiyar a makon. Sauran suka kafa kwamiti ya duba yadda za a toshe giɓin, kwamitin ya ce kafin ya gama nazari a ɗan ɗora guntun a riƙa ɗagawa. Da bazara ta zo aka ga an sa masa ƙarfen ƙyaure, har da wayar kashe wuta. Dokta Pettibone, wanda aka yi wa aikin gwiwa a shekarar, shi ke nuna wa baƙi ƙofar, yana ɗagawa yana saukewa da yatsa ɗaya. In suka tambayi wanda ya yi dabarar, sai ya ce ai shawarar ƙungiya ce.